Kyamara ko Kaset

Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo a Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka ce ma'aikaci ya koma jiharsa. Na zaga ofisoshi, har wajen ƙarshen shekarun casa'in na sami kaina a Gumel, a wani ƙaramin ofishin wayar da kan manoma. Aikina in rubuta bayani da Hausa, in ɗora muryata a kan hotunan bidiyo, mu ɗauki kaya mu bi ƙauyukan Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar muna nunawa.

Mu uku ne ke fita. Akwai Injiniya, mutumin Filato, Kirista, wanda ya daɗe a Gumel har bakinsa ya fara komawa irin na mutanen gari. Shi ke kula da na'urori. Akwai Malama, malamar gona ta ɓangaren mata, wadda ta girme mu duka biyu. Shekara uku ta yi tana shiga gidaje, tana zama a kan tabarma, tana taya mata tsintar wake, kafin matan wani ƙauye da ke gefen Ɗanzomo su yarda ta shigo musu da kyamara. Sai ni.

Kayan aikinmu kwamfuta ce guda, da kyamara, da akwatin bidiyo, da babbar talabijin, da janareta. A cikin kwamfutar akwai katuna biyu masu karɓar hoto, kowanne bai fi tafin hannu ba, ana zura shi a gurbinsa a ɗaure da noti. Ɗaya na karɓar wayar kyamara, ɗayan na karɓar ta akwatin bidiyo. Hoto ya shiga kwamfuta, ya fita ta wata waya zuwa talabijin. Muna bi da shi ta kwamfutar ne don mu iya tsayar da hoto cak, mu nuna wa manomi ƙwaro a kan ganye, mu kuma ɗora rubutun Hausa a ƙasa.

Manhajar da ke wannan aiki Injiniya ne ya rubuta ta da kansa, ya sa mata suna nuna. Babu wani hoto da ake dannawa. Baƙin allo ne, ka rubuta umarni, ka buga babban madanni. Kwamfutar ba ta san kyamara ba, ba ta san kaset ba. Lamba take ba katunan bisa jerin gurabensu, na farko sifili, na biyu ɗaya. In kana son kaset ka rubuta nuna -n 1, in kana son kyamara ka rubuta nuna -n 0. Ni ne na ce masa tunda kullum da kyamara muke farawa, ya gyara yadda in an rubuta nuna kawai za ta ɗauki katin farko ba sai an faɗa mata ba. Cikin minti biyar ya gyara. Na tuna har na yaba masa.

Muna farawa da kyamara ne domin mutane ba sa taruwa don jin maganar taki. Suna taruwa don su ga fuskarsu a talabijin. Mu juya kyamara kan jama'a, dattijo ya ga kansa ya gyara hula, a yi dariya, ɗaki ya cika, sannan mu koma kan kaset.

Muna da wata al'ada kuma, wadda hanya ce ta koya mana ita. Wata rana a hanyar Gagarawa gargada ta girgiza kwamfutar har kati ɗaya ya zame daga gurbinsa, muka isa babu hoto. Tun daga ranar, duk sanda za mu fita sai Injiniya ya kwance katunan, ya naɗe su a tsohon zane, ya riƙe a cinyarsa. In mun isa ya mayar. Ya ɗiga wa na kyamara jan fenti, na kaset shuɗi, don kada a rikita waya.

Abin da Malama ta ɗauka a ƙauyen nan na gefen Ɗanzomo shi ne yadda ake shanya wake a rana a cuɗa shi da toka, don kada ƙwari su cinye shi a rumbu. Matan na aiki ne a tsakar gida yadda suka saba, da ɗaurin ƙirji, babu mayafi, suna tsokanar juna. Shugabar ƙungiyarsu tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, ita ta gindaya sharaɗi: kaset ɗin na mata ne, idon namiji ba zai gan shi ba. Malama ta ɗauki alkawari. Har zuwa lokacin ni ban taɓa ganinsa ba, Injiniya ma haka. A jakarta yake zama, ta kuma karye ɗan haƙorin bayansa don kada wani ya yi kuskuren goge shi.

Ranar da muka je nunawa, kaka ta fara shigowa. An ba mu aji ɗaya a makarantar firamare, domin talabijin ba ta ganuwa a rana. Shirinmu shi ne bayan la'asar mu nuna wa maza kaset ɗin wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe dawa da gero, sannan a kai talabijin da akwatin bidiyo gidan Inna, Malama ta haɗa su kai tsaye, tunda ita ba ta taɓa kwamfuta. Janareta ya ƙi tashi. Injiniya ya durƙusa a waje yana goge filogi, ya miƙo mini zanen ya ce, Mai labarai, mayar da su, ka sha ganin yadda nake yi.

Na mayar da su. Na sa wayar kyamara a jan kati, ta kaset a shuɗi, daidai yadda ya kamata. Abin da ban lura ba shi ne kowane kati na shiga kowane gurbi, kuma fenti a jikin katunan yake, babu shi a jikin gurabe. Na sa shuɗi a gurbin farko.

Janareta ya tashi, maza suka cika aji, manya a bencin gaba. Malama na gefe kusa da ƙofa. Ganin wuta ta samu, kuma fetur ɗinmu kaɗan ne, ta zura kaset ɗinta a akwatin bidiyo don ta mayar da shi farko. Ta san talabijin kyamara za ta nuna, yadda take yi kullum. Akwatin nan kuwa in aka ba shi kaset marar haƙori, da kansa yake fara kunnawa. A daidai lokacin na rubuta nuna, na buga madanni.

Tsakar gida ta fito a talabijin. Wata matashiyar matar aure ta cika allon, hannunta duk toka, tana dariya tana faɗa wa wata magana. Ban ƙirga ba, amma kunnen rediyo ya san tsawon daƙiƙa, kuma ba su wuce bakwai ba kafin Malama ta fizge wayar wuta. Wani dattijo a bencin gaba ya miƙe, ya sa takalminsa a natse, ya fita. Daga baya na ji surukin matashiyar ne, uban mijinta, mutumin da tun aurenta ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba.

Mun nuna kaset ɗin wuta-wuta ga rabin aji. Na mata ba a nuna ba. Malama ta je gidan Inna ta dawo ba ta daɗe ba. A mota ba ta zarge ni ba. Cewa kawai ta yi an ba ta ruwa a zaure, ba a ce ta shigo ba.

Washegari na koma ta hannun mai gari na ba dattijon haƙuri. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce babu komai. Na fahimci ya rufe maganar ne, bai buɗe ta ba. Ranar Alhamis aka ci kasuwar Maigatari, kafin mako ya zagayo labari ya isa ƙauyukan da ba mu ma taɓa kai talabijin ba. Gidajen da Malama ke shiga da sallama ɗaya suka koma masu gida ba sa nan. Ta ci gaba da fita kowace safiya, tana dawowa da wuri. Wata rana ta ajiye kyamarar a kan teburina, ta ce in an gama girbin wake bana ba a buɗe mata ƙofa ba, za ta nemi a mayar da ita ofis ta riƙa cike takardu.

Na je wurin Injiniya na ce a sake fasalin umarnin gaba ɗaya. Ya ce ba laifin manhaja ba ne, laifin mai saka kati ne, kuma maganin abin ɗigo biyu ne na fenti a jikin gurabe. Na ce gaskiya ya faɗa, laifina ne, a ɗiga fentin yau. Amma na ga yadda abin ya faru: na yi kuskure ɗaya ƙarami, na'ura ta karɓe shi ba tambaya ta kai shi gaban jama'a. Gobe wani zai yi wani kuskuren da ba mu hango ba.

Na ba shi labarin wanda ya koya mini aiki a situdiyo, wani dattijon mai shirya shirye-shirye da ke yawo da takarda a naɗe. In ka kai hannu za ka buɗe layi ba ka fara saurarensa a kunnenka ba, takardar nan za ta sauka a bayan hannunka. Ko ka tabbata waƙa ce a kan layin, sai ka saurara. Injiniya ya ce to shi ba shi da takarda, amma in faɗi abin da nake so.

Mun yi mako uku a kai, da rana, duk sanda aka kawo wuta. In an ɗauke mu koma takarda da biro. Shi ke rubuta manhajar, ni ke faɗin abin da mai amfani da ita zai rubuta da abin da za ta amsa masa.

Na fara da janye abin da ni na roƙa. In an rubuta nuna kawai, kada ta nuna komai. Ta jero katunan da ta gani, ta tsaya. Injiniya ya ce duk manhajar da ya taɓa gani irin wannan tana ɗaukar na farko in ba a ce mata komai ba, haka ake yi ko'ina. Na ce waɗanda suka tsara haka kati ɗaya ne a kwamfutarsu, kuma ba sa kwance shi su naɗe a zane. Ya yi dariya, ya goge layin.

Lambar ce ta fi ba mu wahala. Na ce mutum ba ya tunanin sifili da ɗaya, kyamara yake so ko kaset, don haka abin da zai rubuta ke nan. Ya ce kwamfuta ba ta ganin fenti. Ya kwana biyu yana duba takardun da suka zo da katunan, ya dawo ya ce akwai hanya: katunan ba kamfani ɗaya ba ne, kuma in an tambayi kowanne yana faɗin sunansa, ko a wane gurbi yake. Sai ya rubuta ɗan fayil da ya ɗaure kalmar kyamara da jan kati, kalmar kaset da shuɗi. Umarnin ya koma nuna --daga kyamara, ko nuna --daga kaset, da karan ɗori biyu a gaban daga. Don ganin abin da ke ciki kuma, nuna --jeri. Na zaɓi kalmomin da babu harafi mai lanƙwasa a cikinsu, domin madannanmu ba su da shi. Ya so ya gajarta su zuwa harafi ɗaya ɗaya, na ƙi. Harafi ɗaya yatsa na iya zamewa ya bugo maƙwabcinsa, amma babu yadda yatsa zai zame daga kyamara ya faɗa kaset.

Ranar da ya ce ya gama, na ce ya ba ni sukundireba. Na cire jan kati gaba ɗaya, na kunna, na rubuta nuna --daga kyamara. Kaset ya fito a talabijin. Ya sosa kai ya ce ai ya sa ne in ba ta sami wanda aka nema ba ta ɗauki wanda ke nan, don kada a bar jama'a suna kallon baƙin allo. Na ce baƙin allo ba ya sa dattijo ya tashi ya fita. Ya dube ni, ya jawo madannai. Na rubuta masa abin da za ta ce, kamar yadda ake rubuta kanun labarai, jimla ɗaya abin da ya faru, jimla ɗaya abin da aka yi: Ban ga katin kyamara ba. Ban nuna komai ba.

Ya nemi a bar masa tsohon zaɓin lamba, domin yana bukatarsa in yana gyara. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan cewa lambar za ta zauna, amma duk abin da aka kira da lamba a ƙaramin allon kwamfuta kawai zai fito, ba zai taɓa isa talabijin ba.

Duk wannan Malama na zaune a teburinta tana jinmu. Da muka kira ta mu nuna mata, ta tsaya ta kalli yadda muka sauya wa katunan gurbi sau biyu, kyamara na fitowa daidai. Sai ta zagaya bayan kwamfutar, ta zare wayoyin biyu, ta sa ta kaset a jan kati, ta kyamara a shuɗi.

"To Malam, rubuta kyamarar taka mu gani."

Ban rubuta ba, domin na san abin da zai fito. Sunan na kati ne, bai san abin da aka jona masa ba.

A nan na koma ga dattijon situdiyo. Na ce duk abin da aka zaɓa, a ƙaramin allo zai fara fitowa, talabijin na nan baƙa. Manhaja ta tambaya: Ga abin da na gani. In shi ne, rubuta fitar. Ba danna madanni ɗaya ba, a rubuta kalmar duka, harafi biyar. Duk wani abu da aka buga ban da ita, a koma baƙin allo. Injiniya ya yarda, amma ya ce zai ƙara wani zaɓi, --tilas, wanda ke tsallake tambayar, don ranar da ake sauri. Na tambaye shi ranar da abin ya faru, sauri muke yi ko ba sauri muke yi ba. Na ce in zaɓin na nan, cikin wata guda shi za mu riƙa rubutawa kullum, ni ne ma zan fara. Ya ce ni dai in na kafe, shanun kasuwar Maigatari duka ba sa ja na. Bai ƙara shi ba.

Na rubuta umarnan a kwali, layi huɗu, na manna a gefen kwamfutar.

Malama ba ta daina zuwa zauren Inna ba duk tsawon makonnin nan. Tana gaishe ta, a ba ta ruwa, ta tashi. A zuwa na ƙarshe ta ce mata mutanen ofis sun gyara abin, suna roƙon ta gani da idonta. Inna ta ce su zo, amma a zaure, kuma babu taro.

Mun isa da hantsi. An riga an fara sussukar wake, ƙaiƙayi a ko'ina a bakin gidaje. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, tana zaune a kan buzu da carbi a hannu. Na ba ta haƙuri, na faɗa mata ni ne na yi kuskuren, ba Malama ba. Ta ce ta sani, amma ba ni na yi mata alkawari ba.

Injiniya ya tayar da janareta a waje, muka haɗa kaya, muka juya talabijin ta fuskance ta. Na yi mata bayani a taƙaice. Injiniya ya kwance katunan a gabanta ya sauya musu gurbi, na rubuta umarni, fuskarta ta fito a ƙaramin allo, na rubuta fitar, ta fito a babba. Ta kalli kanta ba ta gyara ko kallabi ba. Ta ce wannan wasan ƙarfe ne, ita ba shi ta zo gani ba. Ta sa Malama ta ciro kaset ɗin mata daga jaka, shi kansa, ta zura a akwati. Ta sa ta zagaya baya ta rikita wayoyin yadda ta ga dama. Sannan ta ce in nemi kyamara.

Na ji daɗi a raina, domin wannan ne gwajin da muka shirya wa. Na rubuta nuna --daga kyamara, na ɗaga yatsa zan buga madanni.

"Tsaya, ɗan nan. In 'yar nan ta rikita, ina hoton zai fito?"

"A ƙaramin allo kawai, Inna. Babba ba zai nuna komai ba."

"Wa ke kallon ƙaramin?"

"Ni ne."

"Kai ba namiji ba ne?"

Na janye hannuna. Mako uku na yi ina neman duk wata kafa da hoton zai bi ya kai ga idon namiji, ban lissafa nawa idon ba. A situdiyo wanda ke saurare a kunne kafin a buɗe layi ba a ƙirga shi cikin masu sauraro, ma'aikaci ne, kamar wani ɓangare na na'ura. Da wannan tunanin na zo zauren Inna. Alkawarin da aka yi mata bai ware ma'aikaci ba.

Injiniya ya yi gyaran murya ya ce, Mama, sai dai Malama ta zauna. Malama ta ce ita ba ta taɓa taɓa abin nan ba. Inna ta ce ita ma da ba ta taɓa barin a shigo mata da kyamara gida ba.

Na tashi daga kujerar. Na goge abin da na rubuta, don ta fara da hannunta. Na nuna mata kwalin, na nuna mata inda karan ɗori yake da babban madanni, sannan ni da Injiniya muka koma bakin ƙofa muka juya baya, muna kallon wani jaki da ke ɗaure a gindin maina.

Ina jin bugun madannai ɗaya bayan ɗaya, da yatsa guda, da tazara mai tsawo a tsakani. Ta tsaya ta ce abin ya rubuto mata magana. Na ce ta karanta. Ta karanta: Ban san wannan kalmar ba. Ban nuna komai ba. Ta ce ta tsallake harafi ɗaya, ta sake. Wannan karon na ji babban madanni ya sauka.

"Inna, ga su nan sun fito a nawa."

"Nawa babu komai."

"Yana tambayata ko in fitar."

"Ce masa a'a."

Na ji ta buga wani madanni, ta ce ya koma baƙi. Inna ta sa aka maimaita sau uku, kowane karo da wata rikitar wayar. A na uku wayoyin sun dawo daidai, Malama ta ce Inna ce a allonta, ta rubuta fitar. Sai na ji tsohuwar ta ce ashe haka ta tsufa, babu wanda ya faɗa mata.

Aka cire kaset ɗin, aka ce mu juyo. Inna ta ce sharaɗinta yanzu biyu ne. Duk ranar da kaset ɗin mata ke kusa da akwatin nan, Malama ce a kujera, daga farkon taro har ƙarshe, ko taron maza ne. Kuma yarinyar da ta fito rannan, a cire ta daga kaset ɗin, domin ta ce ba ta so. Malama ta ce za a yi. Na san wannan na nufin sai mun koya mata yanka hoto da kanta, ba tare da ɗayanmu ya duba allon ba, kuma kwana huɗu aikin ya ci mu, muna faɗa mata umarni daga bayan ƙofar ofis. Injiniya ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa koyar da kwamfuta yana kallon bango ba.

Ranar nunawa, bayan azahar, mata biyu suka fito suka taya Malama shiga da kwamfuta da kyamara da talabijin da akwatin bidiyo. Ita ta mayar da katunan da kanta. Ni da Injiniya muka zauna a waje kusa da janareta, doguwar wayar wuta ta haura katanga. Aikinmu mu ga fetur bai ƙare ba. Mata suka yi ta shiga. Ƙarar janareta ta hana mu jin komai sosai, sai dai can na ji dariya ta tashi gaba ɗaya, na san an juya musu kyamara. Daga baya aka yi tsit na dogon lokaci. Injiniya ya ce Malama ta tsayar da hoto ke nan tana nuna musu ƙwan ƙwaro a jikin wake, abin da ba a taɓa yi wa mata ba, domin da ba a shiga musu da kwamfuta.

Ba duka ƙofofi suka buɗe a kakar nan ba. Wasu ƙauyukan sai da shekara ta zagayo. Matashiyar nan ba ta sake tsayawa gaban kyamara ba, ko da yake Malama ta ce ta zo kallo ranar, ta zauna a baya. Amma Malama ba ta nemi komawa cike takardu ba.

Da aka tashi ta fito da zanen katunan a hannunta, ta riga ta kwance su ta naɗe. Injiniya ya miƙa hannu zai karɓa, ta ce ya bari, ita za ta riƙe. Ta juyo ta ce mini wasu mata uku daga wani ƙauye na Sule Tankarkar sun zo, suna so a kai musu ranar Talata. Sannan ta miƙo mini kwalin, ta ce rubutun ya yi ƙanana ga mai duba shi a cikin rumfa, in sake shi da manyan haruffa kafin ranar.